Mafarauci, Dakata Kafin Ka Kafa Kai a Tabki

Da zarar an kai gero rumbu, kara ya bushe, sai jinin farauta ya motsa a Gabi da ƙauyukan da ke kewaye da ita. A wasa barandami, a shafa wa adaka mai, a cika burgami da ƙuli-ƙuli da goro da ashana da layu har ya ƙi rufuwa. Ka tambayi mutum ina ruwansa, sai ya nuna maka 'yar gorar da ba za ta yi alwala biyu ba, ya ce sauran a daji za a samu. Samu kam za a samu. Abin da ke ninƙaya a cikinsa ne ya dame ni.

Gulbin Gabi da na Maraɗi duk ruwan damina ne. Kafin watan Maris sun bar maka yashi, sai 'yan tabkuna da kududdufai a kwazazzabai kan hanyar dajin Baban Rafi. Duk wanda ka iske, garke ya riga ka. Shanu sun sha, sun tsaya a ciki sun huta, sun bar tsaraba. Jaki ya bi bayansu. Karenka ma ba zai jira ka yi bisimilla ba, zai faɗa ciki ya yi wanka ya fito yana kaɗa maka wutsiya. Abin da ya rage maka ruwa ne mai kauri kamar kunun kanwa, kai kuma rana ta raba tsaka, maƙogwaro ya bushe.

Na san amsar da za ka ba ni, kawu, don duk mafarauci ita yake bayarwa: "Cikina ya saba." Ban zo gardamar laya ba, ban kuma raina jarumtar kowa ba. Amma a watan Yulin 2018 kwalara ta ɓarke a nan yankin Madarunfa, kafin ta lafa ta kama mutum sama da 3,000 a Nijar, yankinmu ne kuma ya fi jin jiki. Ta sake dawowa jihar Maraɗi a 2021. Waɗanda aka kwantar ana ɗura musu ruwa ta jijiya, da yawansu manoma ne ƙarfafa da su ma tun suna yara suke shan ruwan tabki. Mutumin da ya tashi zomo a guje kuma ciki ya murɗa masa, ya san wanda zai fara tsayawa tsakaninsa da zomon.

To, aikin gyaran ruwa kashi biyu ne, kuma a nan yawancin mutane ke yin tuntuɓe. Akwai raba ruwa da laka, akwai kashe abin da ido ba ya gani. Wanda ya yi na farko ya bar na biyu ya sha cuta mai haske. Wanda ya tsallake na farko ya faɗa na biyu ya yi asarar maganinsa, domin laka tana cinye ƙarfin magani, tana kuma toshe kowace irin matata. Duk abin da mai kanti zai nuna maka a babbar kasuwar Maraɗi ko a Jibiya, ka tambaye shi: a cikin biyun nan wanne yake yi?

Mu fara da matatar da ke kanka. Rawani ko kallabin auduga, in ka ninka shi huɗu zuwa takwas ka ɗaure a bakin bokiti, ya fi ƙarfin a raina shi. A Bangaladash an koya wa matan ƙauye tace ruwan kogi da tsohon zanensu a ninke, binciken da aka buga a 2003 kuma ya nuna kwalara ta ragu da kusan rabi, saboda ƙwayar cutar tana maƙale wa wasu 'yan mitsi-mitsin halittun ruwa da zane ke iya tarewa. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Dattawa na tuna kurkunu, yadda yake kwantar da magidanci daidai lokacin noma, ana naɗe tsutsar a jikin tsinke kaɗan-kaɗan har makonni. Da ƙyallen tata da ɗan bututun nan mai raga da ake ratayawa a wuya aka yaƙe shi, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa Nijar ta rabu da shi. Sai dai rabi rabi ne, sauran rabin yana nan yana jiran ka. Kuma don Allah, ba rawanin da ka share gumi da shi tun asuba, ka goge bakin bindiga, ka ɗaure ƙafar zabo ba. Ka ware ƙyalle guda na ruwa kaɗai. In an gama a wanke, a shanya a rana ya bushe ƙarau, a riƙa gane cikinsa da bayansa.

Idan ruwan ya yi kauri sosai, ƙyalle kaɗai ba zai fid da kai ba. Nan ne ɗan jihar Maraɗi ya fi kowa sa'a, don ƙasar zogale ce. Muna cin ganyen a kwaɗo muna watsar da 'ya'yan, alhali maganin laka yana cikinsu. Ka samo waɗanda suka bushe a kan itace, ka ɓare, ka daka farar ƙwayar ta yi laushi tun a gida, ka ƙulle a leda. Kimanin ƙwaya ɗaya ga lita ɗaya in ruwan ya yi laka. A daji sai ka dama garin da ɗan ruwa mai kyau, ka zuba a bokiti, ka juya da sauri na ɗan lokaci, sannan ka sassauta hannu ka juya a hankali, sannan ka ƙyale shi. Ƙyalewar ce ke gagarar mafarauta. Awa ɗaya zuwa biyu yake so, ba a leƙawa ana girgizawa, ba a tsoma yatsa a ji ko ya yi. Ka je ka feɗe abin da ka kama, ka yi sallah, ka ba abokanka labarin gadar da ta tsere maka, ka ƙara mata tsawon ƙaho yadda ka saba. Kafin ka ƙare laka ta kwanta a ƙasa, sai ka tsiyaye na sama ta cikin ƙyallenka. Ruwan zogale ba ya son kwana, a sha shi ranar. Alif ma yana wannan aikin, ya fi sauri, kuma dunƙule ɗaya zai kai ka ƙarshen rani. Ka zagaya shi cikin ruwan sau kaɗan ka cire. In ka bar shi a ciki ka tafi hira, za ka dawo ka sha abin da zai ɗaure maka baki har ka kasa kiran karenka.

In kana kusa da gulbi, ka tona rami a yashi ka jira ruwa ya tsattsafo, ka kwashe na farko ka zubar. Yashi ya yi maka rabin wahala kyauta.

Sai matatun Turawa, waɗanda ɗanka da ke karatu a Yamai ko ƙaninka da ke Kano zai iya aiko maka. Akwai LifeStraw, ɗan bututun da ake tsomawa a zuƙa, wanda ya fito a 2005, kuma asalinsa daga waccan matatar kurkunu ce. Akwai Sawyer, da ake ɗaura wa bakin gorar roba a matsa. Ƙofofin na farko maikiron 0.2 ne, na biyu 0.1, maikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin 1,000 na milimita. Ƙwayar kwalara da ta taifot da ƙwan tsutsar ciki ba sa iya wucewa. Kaya ne masu kyau, ba nauyi, ba sa son batir. Amma sun fi dacewa da maharbin barewa a duwatsun Amurka, inda ƙorama ke gangarowa garau daga ƙanƙara. Ka tsoma LifeStraw kai tsaye a kududdufin shanu a watan Afrilu, za ka zuƙa har jijiyar wuya ta tashi, idanu su yi ja, abokan tafiya su ɗauka busa ka koya. Dole sai ka kwantar da laka tukuna. Sawyer tana zuwa da sirinjin wanke ta, ana tura ruwa mai kyau ta baya ya koro dattin. Kada ka bar wa yara shi su yi wasa, ranar da ya ɓata matatar ta kusa ritaya. Ga kuma abin da mai sayarwa ba ya cika faɗa: ƙwayoyin bairos, irin masu kawo ciwon hanta mai sa shawara, wanda ya addabi Diffa a 2017, sun fi waɗannan ƙofofi ƙanƙanta, suna wucewa abinsu. In kuma ka ga an zube irinsu a tire ana sayarwa kuɗin goro, ba kwali ba takarda, ka tuna araha ba ta ado.

Masu famfo da masu tangaran a ciki suna aiki, sai dai tsada da nauyi, tangaran kuma ba ya shiri da faɗuwa daga kan babur. Mai fitila da ke kashe ƙwayoyi da haske yana son caji da ruwa garau, biyun kuma babu su a Baban Rafi. Mu wuce.

Abin da na fi so a burgamin kowa shi ne ƙwayar kulorin, irin su Aquatabs. Ba ta kai ƙwayar maganin ciwon kai nauyi ba, ba ta fashewa, tana kashe bakteriya da bairos duka. Girmanta iri-iri ne, wata ta lita ɗaya, wata ta bidon lita 20, saboda haka ka sa a karanta maka abin da ke jikin takardar tun a kanti. Ka jefa, ka girgiza, ka jira minti 30 cur. Ba minti talatin na mai ƙishirwa ba, wanda ke cika kafin a ƙare hamma. Ka duba wayarka. Za ka ji ɗan warin ruwan famfo, wannan shaida ce cewa ta yi aiki, kuma wanda ke tauna goro da taba ba shi da bakin kushe ɗanɗano. Tana da nata rauni: akwai wata ƙwayar zawo mai taurin ɓawo da ake samu a kashin 'yan maruƙa, kulorin ba ya cin ta sosai, matata kuwa tana tare ta. Shi ya sa wanda ya haɗa biyun ya fi kowa kwanciyar hankali. Akwai kuma garin P&G na 'yar leda, wanda aka fi sani da PUR, mai yin aikin biyu a haɗe: leda ɗaya ga lita 10, a juya minti 5, a bari ya kwanta minti 5, a tace da ƙyalle, a jira minti 20.

Wuta kuwa ba ta da rauni ko ɗaya a wannan fanni. Ruwan da ya tafasa yana ɓulɓula na minti ɗaya ya gama da kwalara da bairos da mai taurin ɓawon gaba ɗaya. Ban taɓa jin ayarin farautar da ya manta butar shayi ba, ko da ya manta harsashi. To ku ɗauki tukunyar da ta fi ta girma, ku tafasa na gobe tun da dare ya huce kafin asuba. A kashe wutar da ƙasa kafin a tashi, dajin ya sha wahala isasshiya.

Akwai abubuwan da duk waɗannan dabaru ba sa taɓawa, kuma a nan ba raha. Mutanen Tibiri sun sha ruwan rijiyar burtsatse garau tun daga 1985, ashe sinadarin fuloraid ya yi masa yawa, yara da yawa haƙoransu suka dafe, ƙasusuwansu suka lanƙwashe. Ido bai gani ba, ƙyalle ba zai tare ba, tafasawa ba ta cirewa. Haka maganin feshi. Tabkin da ke gangaren lambu, ko wanda ka ga matattun kifi ko kwaɗi a bakinsa, ko wanda ya yi kore shar yana wari, ka wuce shi ko da kana ɗauke da matatar jika hamsin. Bidon da ya taɓa ɗaukar fetur ko maganin ƙwari ya gama aikin ruwa har abada, komai wankin da aka yi masa. Tsargiya kuma ta fata take shiga. Kana iya tace ruwanka sau uku, in ka tsaya cikin tabki har gwiwa kana ɗiba, ka koma gida da fitsarin jini. Ka ɗaura igiya a guga ka tsaya a tudu.

In ni za a tambaya, ga kayan mutum biyar masu kwana biyu: kowa ya fito da ruwan gida gwargwadon abin da zai iya ɗauka, yana sane cewa lita ɗaya kilo ɗaya ce. Bokiti guda na ruwan datti, bido guda mai murfi na ruwan da aka gyara, kada a taɓa musanya su, kada kuma kowa ya tsoma kofi a na biyun, a tsiyaya. Ƙyalle, garin zogale ko alif, kulorin, tukunya. Mai Sawyer ya zo da ita, za a yi masa kirari. A damƙa aikin ruwa ga wanda ya fi kowa haƙuri, ba ga autan tafiya da ake aika ko'ina ba. A gwada komai a tsakar gida kafin a fita, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ba sai na gaya wa ɗan Gabi halin da dajin nan na bakin iyaka yake ciki a shekarun nan ba. Ku tambayi maigari da jami'an tsaro inda ake zuwa da inda ba a zuwa, ku faɗi ranar dawowarku. Dokar farauta ta 1998 tana nan, jami'an gandun daji kuma za su tambayi takarda.

A ƙasan burgami, kusa da layu, ka ajiye ƙullin sukari da na gishiri da ƙaramin cokalin shayi. In zawo ya kama wani, a lita ɗaya ta ruwan da aka gyara a zuba cokali 6 na sukari a shafe da rabin cokali na gishiri, ya riƙa kurɓa ba tsayawa. In kuwa abin yana zuba fari kamar ruwan wankin shinkafa, ko da amai, ko idanu sun faɗa, farauta ta ƙare. A bar zabi su sha iska, a ɗora shi kan babur yana kurɓa a hanya, a nufi likita mafi kusa ko da tsakar dare ne.