Injiniyoyin Teburin Mai Shayi

Ranar Litinin 27 ga Janairun 2025, darajar kamfanin Nvidia na Amurka ta zube da kusan dala biliyan 600 a yini guda. Dalili kuwa, wani kamfanin ƙasar Sin mai suna DeepSeek ya fito da manhajar ƙirƙirarriyar basira da ta yi kafaɗa da ChatGPT, ya kuma ce da ɗan kuɗi kaɗan ya horar da ita. Kallo ya koma sama, wai shaho ya ɗauki giwa. Kafin isha'in washegari duk teburin mai shayi ya cika da masana. Mutumin da sai ya kira ɗansa ya buɗe masa waya in ta kulle, shi ne ke zayyana inda Amurka ta yi kuskure.

Labaran fasaha kullum sababbi ne, amma masu sharhinsu su ɗin dai ne, a majalisar ƙofar gida, a shagon cajin waya, ko a bayan motar haya. Tun da sun daɗe suna wannan hidima ba albashi, ya kamata a naɗa wa kowa rawaninsa.

Sarkin Yaƙin Sin

Bai taɓa wuce Kwanar Ɗangora ba, amma in yana ba da labarin Shenzhen sai ka rantse can aka yanke masa cibiya. Takensa guda ne: "An gama da su!" Hujja kuwa yana da ita. A Mayun 2019 Amurka ta ƙaƙaba wa Huawei takunkumi, manhajojin Google suka fita daga sababbin wayoyinsa, aka yi ta yi masa ta'aziyya. Sai ga shi a Agustan 2023 ya fito da Mate 60 Pro, ɗauke da ƙwayar ƙwaƙwalwa da kamfanin SMIC ya ƙera a cikin Sin. A ƙarshen shekarar kuma BYD ya zarce Tesla wajen sayar da motoci masu aiki da lantarki zalla. Waɗannan ya haddace su tsaf.

Kada dai ka tuna masa cewa DeepSeek da kansa ya ce da ƙwayoyin Nvidia ya horar da manhajarsa, ko kuwa injinan da SMIC ke aiki da su akwai na ƙasar Holan a ciki. Nan take zai ce an saye ka. Ka bari sai ranar da cajarsa ta ƙone kwana biyu da saye, ka ji shi yana tsaki: "Ai dama 'yar Caina ce."

Wakilin Amurka

Abokin gabar Sarkin Yaƙi ne, kuma kusa da shi yake zama kullum. Da ya iso zai ajiye iPhone ɗinsa a kan tebur, tambarin yana kallon sama. Ta hannu ce, gilashinta ya tsage, kuma ba ta rabuwa da igiyar caji. Duk abin da Sin ta ƙera, amsarsa ita ce "Kwafi ne, Malam, kwafi." Elon Musk kuwa "Elon" kawai yake ce masa, kai ka ce tare suka yi makarantar allo.

Wayar da yake taƙama da ita a Kaliforniya aka zana ta, wannan gaskiya ne. Amma kamfanin Foxconn na Taiwan ne ke harhaɗa mafi yawan irinta a birnin Zhengzhou na Sin, yanzu kuma har da Indiya. Ƙwaƙwalwarta kamfanin TSMC ne ya ƙera a Taiwan, idon kyamararta na Sony ne daga Japan, fuskarta galibi daga Koriya ta Kudu. Shi Elon ɗin a Afirka ta Kudu aka haife shi, shugaban Nvidia Jensen Huang kuma a Taiwan. A 2022 Amurka ta yi doka ta ware kimanin dala biliyan 52 don masana'antun ƙwayar ƙwaƙwalwa su dawo gida. Wanda abu ke hannunsa ba ya kashe irin wannan kuɗi don a dawo masa da shi. Musun Sarkin Yaƙi da Wakili tamkar na gidan kallon ƙwallo ne ranar wasan Madrid da Barcelona: a yi ihu har murya ta dushe, a tashi ba mai sisi a kulob ɗin, sannan kowa ya biya kuɗin shiga.

Marafan Zamanin Da

Dattijo ne mai furfura, kuma a wurinsa fasaha ta tsaya cak a kan Nokia 3310, wadda ta fito a shekarar 2000. "Ku yaran nan me kuka sani? Tawa ta faɗo daga bene, na ɗauka na ci gaba da magana. Mako guda ba caji!" Daga nan sai rediyon National, sai Fijo 504 haɗin Kaduna. Har gobe ya yi imani duk abu mai kyau Japan ce ke yin sa.

Ana yi masa dariya, alhali tarihi na bakinsa, shi ne dai bai lura ba. A ƙarshen shekarun 1980 kusan rabin ƙwayoyin ƙwaƙwalwar na'ura na duniya kamfanonin Japan ne ke ƙera su, irin su NEC da Toshiba da Hitachi. Tsoron da Amurka ke yi wa Sin yau, shi ta yi wa Japan a lokacin, har ta matsa mata aka sa hannu a yarjejeniyar 1986. Daga baya Koriya ta Kudu da Taiwan suka karɓe kasuwar. Ita Nokia, akwai lokacin da cikin kowace waya goma da aka sayar a duniya kusan huɗu nata ne, amma a 2014 sashen wayoyinta ya koma hannun Microsoft. Da Sarkin Yaƙi da Wakili za su saurari Baba da kunnen basira, da sun rage cika baki. Shi kuma in ya gama zagin wayoyin zamani sai ya ce da jikansa, "Zo ka tura wa gwaggonka saƙon murya."

Sarkin Asiri

Ba ya magana sai ya waiga hagu da dama ya rage murya. "Akwai abin da ba za su taɓa faɗa muku ba." A 2020 ya rantse turakun 5G ne suka kawo korona, tun kafin a kafa ko ɗaya a unguwarsa. A Maris ɗin 2024 da igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ya ce gwaji ake yi a kanmu. Ranar 19 ga Yulin 2024 kwamfutoci miliyan 8.5 masu amfani da Windows suka tsaya, jirage suka kasa tashi, ya ce yaƙin duniya na uku ke nan. Ashe kamfanin tsaro na CrowdStrike ne ya tura sabuntawar manhaja mai kuskure.

Kati guda gare shi mai ci: a 2013 Edward Snowden ya fallasa cewa hukumomin leƙen asirin Amurka na tattara bayanan sadarwar jama'a. Shekara da shekaru yana cin tuwo da wannan miya. Sai dai mutumin nan da ke liƙe kyamarar wayarsa da salatif don kada Turawa su gan shi, in baƙuwar lamba ta kira ta ce ya ci tallafi, shi da kansa zai karanto BVN ɗinsa, har ya maimaita kada a yi kuskure.

Sanƙiran Mutuwa

Kan labari kawai yake karantawa, sauran shi zai ƙarasa. Ba a mako bai sanar da rasuwar wani kamfani ba. "Shi ke nan, Google ta mutu." Tun da ChatGPT ya fito a Nuwamban 2022 ya sallami malaman makaranta da likitoci da lauyoyi da 'yan jarida daga aiki, kowanne ya fi sau a ƙirga. Idan ya manyanta, to shi ne a 1999 ya ce da an shiga 2000 kwamfutocin duniya za su haukace, jirage su faɗo. Nvidia da ya sallata ya binne a Janairun 2025, a Yulin shekarar ya zama kamfani na farko a tarihi da darajarsa ta kai dala tiriliyan 4. Ka kawo masa wannan, zai ce, "Ai shure-shuren mutuwa ne."

Sarkin Maƙeran Baki

"Wai mene ne a ciki? Yashi ne fa! A ba ni jari da wuta ku gani." Ta wani ɓangaren bai yi ƙarya ba, domin sinadarin silikon daga yashi da farin dutse ake tace shi. Tsakanin yashin da ƙwayar ne ake yin ta. Injin da ke zana ƙwayoyin da suka fi kowanne ƙanƙanta, kamfani ɗaya tal ke ƙera shi a duniya, wato ASML na garin Veldhoven a Holan. Girmansa ya kai motar bas, kuɗinsa ya haura dala miliyan 150, kuma a wargaje ake loda shi cikin jiragen dakon kaya. Haskensa ana samar da shi ne ta hanyar harbin ɗigon narkakkiyar kuza da hasken leza sau 50,000 a daƙiƙa guda, kuzar nan dai irin wadda aka yi ta haƙa a Jos. Madubinsa kamfanin Zeiss na Jamus ke gogewa. Ɗakin da ake aikin ya fi ɗakin tiyata tsabta nesa ba kusa ba, ƙwayar ƙura ɗaya na iya ɓata kaya, wutar lantarki kuma ba a yarda ta ƙifta ba. Morris Chang ya kafa TSMC tun 1987, aka yi shekaru gommai ana zuba kuɗi da horar da injiniyoyi kafin a kai nan. Sarkin Maƙera zai saurare ka har ƙarshe ya ce, "To, ai ba gagara ba ce." Fankar ɗakinsa tun bazarar bara take jiran ya canja mata kwandansa.

Ɗanmasanin Namu-ne

Kowace ƙirƙira a duniya, in ka bi salsalarta a bakinsa, gida za ta dawo. Batirin waya? Kusan kashi 70 cikin ɗari na ma'adinin kobal daga Kwango ake haƙo shi. Motar lantarki? Ga litiyam a Nasarawa, ga kuma Jelani Aliyu ɗan Sakkwato da ya zana surar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors. Duk haka ne, kuma abin alfahari ne. Amma kobal ɗin a Sin ake tace mafi yawansa, ya dawo mana a cikin batiri mu saya da dala. Ka tambaye shi ina masaƙun Kaduna, ina hayaƙin Bompai da Sharaɗa, me ya sa atamfar Sin ta cika Kantin Kwari, sai ya ce, "Sace mana suka yi," ya nemi a ƙaro masa sukari.

Ma'ajin Nawa-ne

Alhaji ne mai shago a kasuwar waya ta Farm Centre, ya san lungunan Guangzhou fiye da na garinsu. Shi kaɗai ne a majalisar ya taɓa taka Sin, kuma shi ne bai damu da wanda zai yi nasara ba. A yi awa guda ana bayanin takunkumi da ƙirƙirarriyar basira, in an gama sai ya gyara hula ya ce, "Yanzu dai nawa ne kwali? Kuma dala nawa ta kwana?" In ka dage sai ya fahimci DeepSeek, zai tambaye ka ko ana ba da sari.

Magajiyar Caji

Ita ba ta zama a majalisa, tana gida tana sayar da turaren wuta da atamfa ta WhatsApp. In ta shiga shagon waya tambayarta uku ce: "Ɗana, cajinta yana kwana? Layi nawa take ɗauka? Tana fito da fuskar mutum a hoto, ko sai haƙora?" Masanan teburin shayi sun raina wannan sharhi. Amma wani kamfanin Shenzhen mai suna Transsion a kan waɗannan tambayoyi uku ya gina kasuwarsa: babban batiri, gidan layi biyu ko fiye, da kyamarar da aka saita don baƙar fata. Shi ne mai Tecno da Itel da Infinix, ya buɗe wurin haɗa waya a Habasha tun 2011, kuma yau kusan rabin manyan wayoyin da ake sayarwa a Afirka nasa ne. Duk cikin masu sarautar nan, maganar Hajiya ce kaɗai ta taɓa sa wata masana'anta ta sauya abin da take ƙerawa.

Wanda Ba Shi da Rawani

Saura yaron nan mai gyara, da ke duƙe a kan ɗan teburinsa da dalma da abin hura zafi. Ba ya cikin musu. Wayar Sarkin Yaƙi da ta Wakilin Amurka duk a hannunsa suke kwana, ya buɗe cikinsu ya ga kayan ƙasashe barkatai zaune lafiya a allo ɗaya. Ka tambaye shi wa zai ci gasar, zai ce, "Yallaɓai, aisin caji ne ya ƙone, ka dawo bayan la'asar." Shi kaɗai ne a nan hannunsa ke taɓa abin da ake magana a kai, kuma shi ne ba a tambayar ra'ayinsa.

Musu ba laifi ba ne, da shi ake cinye dare. Amma gasar nan sarƙa ce: Amurka na zane, Holan na ƙera inji, Taiwan na sarrafa ƙwaya, Sin na harhaɗawa tana kuma neman ta iya sauran, Kwango na haƙa. Mu namu a ciki har yanzu saye ne da sharhi. Don haka mai karatu, in ka ga rawaninka a jerin nan ka ɗaura abinka, ba mai ƙwace maka. Roƙona uku ne: ka karanta labari har ƙarshe kafin ka yanke hukunci, in kana da yaro mai son kwance rediyo ka kai shi inda zai koyi aikin da gaske, sannan duk ɗan siyasar da ya zo neman ƙuri'arka da alƙawarin masana'antu, ka fara tambayarsa awa nawa za a riƙa samun wuta a rana.