Ranar da Na Kai Uwargida Kallon Fure

Ba'adare ba ya barin gida a banza. In ka ga ya ɗaure jaka, to bida za shi: Abijan, Legas, Libiya, duk inda aka ce masa kuɗi na kwana. In kuwa ƙauye ya dosa, ko gaisuwar mutuwa ce, ko suna, ko biko, ko bin bashi. Amma a ce magidanci da hankalinsa ya biya kuɗin mota, ya kwashi iyali, ya je gonar wani don kawai ya tsaya ya yi kallo ya dawo, wannan a Tawa kaina aka fara.

Ƙanena ne ya ja mini. Yana karatun noma a Holan, sai a ƙarshen watan Maris ya turo hotuna ta WhatsApp daga wani lambu da ake kira Keukenhof, kusa da garin Lisse. Furannin tulip ne, ja da fari da rawaya, layi-layi har iyakar gani. Ya ce duk shekara ana binne ƙwaya wajen miliyan 7 da hannu, lambun kuma makonni takwas kawai yake buɗe, amma mutum fiye da miliyan ɗaya ke biya su shiga. A hoto guda ga wani tsohon Bature riƙe da hannun tsohuwarsa a tsakiyar furanni. Uwargida ta daɗe tana duban wannan, sannan ta miƙo mini salula ta ce, "Malam, ashe akwai mazan da ke kai matansu wani wuri ban da asibiti."

Maganar ta tsaya mini a wuya. Na kira yaron na tambaye shi asalin furen. Ya ce daga ƙwaya yake tsirowa a ƙarƙashin ƙasa, mai ɓawo bisa ɓawo, har ma a yunwar da aka yi can cikin sanyin 1944 zuwa 1945, ƙarshen yaƙin duniya na biyu, mutane sun dafa ta sun ci. Na ce ashe albasa ce da ta yi lakkol. In kuwa zancen albasa ne, wa zai nuna wa Adar? Jar albasar Galmi ta san Akara, ta san Abijan, ta san Kwatano, kuma daga kwarin Maggiya har Tamaske da Keita babu fadamar da ba a dasa ta. Na shiga ɗaki na ce, "Hajiya, ranar Lahadi ki shirya. Za mu Tabalak kallon fure."

Tabalak na zaɓa don kusa take, kamar kilomita 50 a kan kwaltar Agadas, ga babban tabki da garake kewaye da shi, wanda aka sa cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2005. Kafin Lahadi duk unguwa ta ji. Gwaggon uwargida ta ce ita ma da ita, don 'yar mutane ba ta bin miji daji ba idon dangi. Maƙwabciya ta aiko da kuɗin soyayyen kifi. Wata ta ce in an ga cuku a riƙo mata. Mai butikin bakin layi ya ba ni sunan wani da yake bi bashi, ya ce tunda dai ba ni da abin yi a can.

Na sa shaddata mai sitaci, na kafa hula, na zazzage rabin kwalbar turare. A shingen bincike na bakin gari jami'in ya karɓi katin shaidata ya ce, "Mushe, ina zuwa?"

Na ce, "Tabalak, kallon fure."

"Furen wa?"

"Na albasa."

Ya dubi katin, ya dube ni, ya leƙa cikin mota ya tambayi Gwaggo tun yaushe abin ya same ni. Gwaggo ta ce ana dai ta roƙon Allah.

Abin da ƙanena bai ga dalilin faɗa mini ba shi ne, Maris ɗinsu fitar sanyi ce, namu kuwa shigar bazara. Mun sauka da hantsi zafi ya riga ya haura 40. Ruwan tabki ya ja baya, ya bar laka mai tsattsagewa. Fangalin da na zo gani duk an tuge su. Ko'ina tsibin albasa ne, mata na yanke lawashi suna tarawa don gabu, samari na cusa buhu har ya yi hula suna ɗinkewa, injin ban ruwa na ta tari a gefe. Wari kuwa ya haɗu da turarena suka ƙulla abota. Uwargida ta ja mayafi ta rufe hanci, ta ce, "Malam, nan ne Holan ɗin, ko da saura?"

Na daure na ɗaga salula, na tambayi wani yaro ko garkar wa ce wannan. Shi ke nan. Lokacin girbi ne, albasa ta yi yawa, farashi ya faɗi ƙasa warwas, kowa ido ya zuba a hanya yana jiran mai saye. Ga mutum da shadda, da ƙamshi, da mata biyu, yana ɗaukar hoto yana tambayar mai garka. Kafin in rufe baki an ce Alhajin Gana ya iso. Aka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin gawo, aka kawo fura, wani Buzu ya hura gawayin shayi. Dillalai suka kewaye ni, wannan na fasa albasa da babban yatsa yana kai mini hanci, wancan na raɗa mini a kunne cewa kada in yarda da na farkon. Wani ya tambaye ni ko babbar motata tana Tawa ne ko tana Ƙonni. Gwaggo, da ba a tambaye ta ba, ta ce tana hanya.

Mai garkar ya iso, dattijo ne mai farin gemu, laka har gwiwa. Muka gaisa har gida da gajiya. Ya ce, "To, Alhaji, buhu nawa kake bida?"

Na ce, "Baba, ni ba saye na zo ba. Fure na zo gani."

Wurin ya yi tsit, har injin ya mutu. Dattijo ya ce, "Wa ya ce maka albasata na hure?"

Ashe zagi na yi. Albasar da aka dasa don kasuwa in ta fitar da kara ta yi fure, ƙarfinta ya tafi sama ke nan: ƙwayar ba ta cika, tsakiyarta ta yi tauri, kuma in an kai ta rudu ita ke fara ruɓewa ta ja 'yan uwanta. Manomi da ya ga karan ya leƙo sai ya karye shi. Don in gyara, na ce ai ko a Holan manoman tulip sukan bi gona da inji su fille furannin don ƙwaya ta yi girma, hikimar ɗaya ce.

"Holan?" in ji dattijo. "Na san su. Na yi bida Abijan da ƙuruciya. Su ne masu albasar jirgin ruwa, wadda ke sauka tasha ta karya muna kasuwa a Ajame. Ashe su suka turo ka da hoto!"

Nan Alhajin Gana ya koma ɗan leƙen asiri. Aka janye kwaryar fura. Na rantse, na fito da katina na malamin makaranta, na shiga ba su tarihi don in huce zukata: yadda a Holan aka taɓa haukacewa kan ƙwayar tulip har guda ɗaya ta kai kuɗin gida, sannan a watan Fabrairun 1637 kasuwar ta rushe, masu kaya suka rasa mai taya musu. Na zaci za a yi salati. Dattijo ya ce, "Sau guda ya same su suka rubuta a littahi? Mu duk shekara muna ganin wanga."

Dariyar da aka yi ita ta cece ni. Ya ce tunda na sha rana, in zo ya nuna mini. Can ƙuryar garka, cikin shingen ƙaya, ga fangalin iri. Ya ce albasar bara ce ya zaɓa, masu kyan launi da tauri, suka yi damina a rudu, ya mayar da su ƙasa da shigowar sanyi. Hunturu ke sa su fitar da kara, su yi fure a Janairu da Fabrairu, sannan baƙin iri ya nuna a yanke a shanya. Yawanci sun riga sun bushe, amma layi biyu da aka dasa a makare suna nan fari tas, dunƙule-dunƙule a kan dogayen kara har ƙugu. Gaskiya abin ya yi kyau. Uwargida ta sauke mayafi daga hanci.

Sai tsohon Baturen nan ya faɗo mini a rai. Na miƙa hannu na tsinke mafi girma, na juya zan ba ta. Dattijo ya ce, "La'ilaha!" Kan nan guda iri ne na ɗaruruwan albasar baɗi, abin da ake aunawa da tiya a kulle a ɗakin maigida. Amma kafin ya yi mini hukunci, masu aikin wurin sun riga shi. Ƙudan zuma ne ke bin furen albasa suna haɗa mata aure, kuma a duk faɗin Tabalak ran nan ba abin da ya kai ni ƙamshi. Na cire hula na yi ta fifita, na ja da baya, na taka bututun ruwa, na zauna daɓas cikin fangalin da aka gama shayarwa. Ɗaya ta same ni a fatar ido, ɗaya a leɓe. Gwaggo ta fasa albasa ta murza mini a wurin, wai magani ne, idon da ya rage shi ma ya rufe.

Aka yi sulhu a gindin gawo. Dattijo ya yafe furen, ya ce baƙo ba ya biyan tara, sai dai bai kamata Mushe ya koma Tawa hannu sake ba. Dillalai suka amince baki ɗaya. Kuɗin kifin maƙwabciya, da na cuku, da abin da ke aljihuna duk suka koma buhu guda mai hula, har da la'ada. Mai bashin butiki kuwa, ashe shi ne ya ɗinke mini buhun. Da na ambaci sunansa sai aka ce ya tafi Abalak tun jiya. A hanyar dawowa jami'in ya leƙo ya ga fuskata da lakar shaddata, bai ko karɓi kati ba. Ya ce wa Gwaggo, "Allah shi ƙara sauƙi."

Uwargida ta baza albasar a inuwa, tana juya ta tana tsince mai taushi. Da damina ta kankama farashi ya ninka ya sake ninkawa, gidanmu kaɗai ne a layin ba a aika yaro sayen albasar dala ashirin. Matan unguwa suka riƙa shigowa da kwano, tana ba su uku-uku tare da labarin yadda maigidanta ya kai ta shan iska. Yanzu mazan layinmu sun rage fara'a da ni a masallaci. Ran nan bayan la'asar liman ya ja ni gefe, ya duba hagu da dama, ya ce iyalinsa sun hana shi sakat.

"Mushe, don Allah gaya mini gaskiya. Kallon huren nan, har da kuɗin mota, nawa yake kamawa buhu?"