Injiniyoyin Gindin Darbejiya

Kuskura ka ce za ka gyara gida saboda zafin Afrilu, nan take majalisa za ta cika da injiniyoyi. Wannan ya ce a shafa wa kwano farin fenti, ya riƙa korar rana. Wancan ya ce silin. Wani ya rantse sai sola, alhali shi da fitilar waya yake laluben takalminsa da dare. Mai shayi ma ya tofa tasa: taga biyu masu kallon juna, iska ta ratsa.

Baba dai bai ce uffan ba. Soronsa na ƙasa ne, bango mai kauri, rufin azara. Da muka matsa masa, sai ya yi hamma: "Ku da kuka rushe naku kuka sa bulo, ku ci gaba, 'ya'yana. Ni barci nake ji."