Masana Ƙwaryar Nono Daga Ƙaura Zuwa Shinkafi da Zurmi

Kowace ƙasa da abin shan da mazanta ke taƙamar sani a kansa. Mutanen Faransa suna da farar giyar inabi ta ƙananan gonakin Burgundi, wadda mutum zai shinshina ya ce ya gane tudun da aka noma ta. Mu nan arewacin Zamfara, tun kafin Shari'a ta fara aiki a Janairun 2000, farin abin da ke haɗa dattawa musu shi ne nono. Ba kamfani ke yin sa ba. Mace ɗaya ce da 'yan shanun gidansu da ƙwaryarta da faifanta, kuma hannun kowace daban. Ga kaɗan daga masanan da za ka tarar sun kewaye ta.

Na farko shi ne Mai Hanci. Wannan ba ya kai ludayi baki sai ya kai shi hanci tukuna, ya lumshe ido, ya yi shiru har sai kowa ya juyo. Daga nan sai hukunci ya fito: "Wanga nonon Gudale ne, kuma saniyar ta ci harawa." Ya rantse yana bambance nonon Bunaji da na jajayen Rahaji, da na shanun da suka sha ruwan kogin Gagare da na waɗanda suka sha na Bunsuru. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, don nonon damina da na rani ba ɗaya ba ne, kuma kindirmo mai maiƙo ba ya ɓuya a gaban tsalar da aka kaɗe wa mai. Sauran bayanin kuwa ba wanda ya taɓa gwada shi a kai. A Paris an yi irin gwajin a 1976: aka ɓoye sunayen kwalabe, manyan masanan Faransa suka ɗanɗana, suka ba farar giyar Chateau Montelena ta Kalifoniya lamba ɗaya, suka bar ta ƙasarsu a baya. Sai an gwada akan san na ƙwarai, shi ya sa Mai Hanci kullum sai ya tambayi mai nono daga wace ruga take kafin hancinsa ya fara aiki.

Na biyu Ɗan Amana. Duk faɗin kasuwa mace ɗaya ce yake shan nononta, kuma ba ya faɗa wa kowa inda take zama, kada jama'a su gano ta hannunta ya lalace. Idan ba ta zo ba, ya gwammace ya wuni da ƙishi. Za ka gan shi gindin darbejiya yana duban hanyar Moriki, duk mai babur da ya wuce sai ya tare shi: "Malam, ba ka ga Inna bisa hanya ba?" Ya san ranar da saniyarta ta haihu, ya san ranar da aka kai ɗiyarta ɗaki. Ranar haihuwar nasa ɗan fari kuwa sai an tuna masa.

Na uku Sarkin Damu. Shi nono bai dame shi ba, damun ne aikinsa. Da mai fura ta saka dawo a ƙwarya ta kama ludayi, sai umarni ya fara zuba: "Baiwar Allah, sannu-sannu. Bar mini gaya. A'a, ya yi yawa. Ƙara ruwa. Kai, kin mayar da ita farau-farau!" Yana da ra'ayi kan citta da kanumfari da masoro, yana kuma iya yin rabin sa'a yana bayanin abin da ya sa furar gero ta fi ta maiwa. Bai taɓa riƙe taɓarya ba. A gida ma uwargida ta daɗe da miƙa masa ƙwarya da ludayi ta ce ya dama abinsa, sai ya ce ai damu ba aikin maza ba ne.

Na huɗu Baba Ɗan Jiya. Mazauninsa kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura Namoda, inda layin dogo daga Zariya ya zo ya tsaya a 1929. A wurinsa nono ya ƙare tun ranar da jirgi ya daina zuwa ɗaukar gyaɗa. A zamaninsu, in ji shi, kana kafa ludayi a tsakiyar kindirmo ya tsaya da ƙafarsa. Kowace shekara kaurin nonon nan na dā yana ƙaruwa a bakinsa, yanzu har ya kai sai an yanka shi da wuƙa. Yana kushe na yau tun daga kurɓar farko har zuwa ta ƙarshe, sannan ya karkata ƙwarya ya kalace gindinta da yatsa.

Na biyar Ɗan Boko. Ko malami ne a kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da aka kafa a Ƙaura a 1983, ko kuwa ɗan gari ne da ya dawo hutun salla daga Abuja. Furarsa sai an markaɗa ta a na'ura, an zuba ƙanƙara da dabino da kwakwa, an ɗura a gorar roba mai murfi. Kafin ya sha sai ya ɗauke ta hoto ya saka a Facebook. Tambayarsa ta farko ga mai nono ita ce ko ta tafasa madarar kafin ta kwana. Dattawa suna yi masa dariya, alhali nan kam shi ke da gaskiya, don ɗanyar madara tana iya ɗauko wa mutum tarin fuka daga saniya. Abin da ya kasa fahimta shi ne yadda furar da ya kashe wa kuɗi ninki uku ta koma ɗanɗanon alawa.

Na shida Mai Ɗanɗane. Ranar Alhamis ce ranarsa, kasuwar Shinkafi kuma gonarsa. Zai fara daga farkon layin masu nono: "Adda, ɗan sam mini in ji." Wannan ya yi tsami. Na gaba an sa masa garin 'ya'yan kuka don ya yi kauri. Na gaba da shi madarar gari ce aka kwaɓa. Kafin ya kai ƙarshen layi ya ƙoshi, sai ya yi gyatsa ya ce yau dai kasuwa ba nono. Matan sun gane shi, da sun hango hularsa faifai ke komawa bakin ƙwarya.

Na ƙarshe, wanda ya fi kowa yawa, shi ne Alhaji Sai-an-rage. Ba wanda ya kai shi yabon nonon ruga. A majalisa zai ce duk yogot ɗin shagunan Gusau ba su kai ludayi ɗaya na kindirmon Zurmi ba. Amma da an faɗa masa kuɗi sai fuska ta sauya: "Haba Inna, nonon ma? Ba daga saniya kuke tatsa kyauta ba?" Ba ya lissafin dusa da ƙuli da maganin dabbobi, ba ya lissafin tafiyar da ta yi da ƙwarya a kai tun asuba. Ya manta yadda satar shanu ta watsa rugage da yawa a yankin nan, ya manta shekarar 2021, lokacin da aka rufe kasuwannin mako-mako a jihar, masu talla suka rasa inda za su kai kayansu. Idan ta gaji da tayinsa ta ƙara ruwa a ƙwarya don ta fitar da uwar kuɗi, shi ne na farko da zai ce mutanen yanzu ba amana.

Cikin duk taron nan mai nono ce ta san saniyar da aka tatsa, da abin da ta ci, da yawan ruwan da ya shiga ƙwarya, kuma ita kaɗai ce ba a tambaya ra'ayinta. Mai son kindirmo na gaske ya daina yi mata wa'azin nono, ya biya kuɗin da ta faɗa.