Sannu da Aiki, Shugaban Makaranta

Ranka ya daɗe, sannu da ƙoƙari. Duk wanda ya wuce ta ƙofar makarantar kwanan da kake shugabanta zai shaida an sha fenti, an kafa allo, har furanni an dasa. Mahassada ne kawai ke zagayawa bayan ɗakunan kwana, inda rijiyar burtsatse ta daɗe da mutuwa, yara na ɗibar ruwan kududdufi da bokiti.

Babu wanda ya kai ka girmama Manufar Lafiyar Makarantu ta Ƙasa, wadda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar a 2006. Ta nemi ruwa mai tsabta, da makewayi, da kula da yaron da ya kwanta ciwo. Ka adana ta a durowa, ka kulle, don kada ƙura ta taɓa ta. Kwamitin lafiya ma ka kafa, ga sunaye nan reras a takarda, kuma saboda tausayin malamai ba ka taɓa wahalar da su da zama ba.

Ɗakin shan magani kuwa, da ka ga yana zaman banza, sai ka cika shi da karyayyun kujeru da buhunan masara. Wane likita ne ya kai ka sauƙaƙa aiki? Zazzaɓi Panadol, gudawa Panadol, ƙazuwa ma Panadol. Yarinyar da ciwon mara ya durƙusar a aji, ka gano lalaci ne ke damunta, aka ba ta tsintsiya. Kuɗin magani da iyaye ke biya kowane zango, muna da yaƙinin yana cikin ƙoshin lafiya.

Ranar 15 ga Oktoba, ranar wanke hannu ta duniya, aka fito da sababbin bokitai da sabulu, aka jera yara, aka ɗauki hoto, aka saka a Facebook. Kafin la'asar an mayar da kayan sito. Wannan shi ne tattali.

Ga tawakkali. Tun ƙarshen 2022 mashaƙo ya addabi Kano, a farkon 2024 kuma sanƙarau ya kashe ɗalibai a makarantun kwana na Jihar Yobe. Masu raunin zuciya suka ruga neman ma'aikatan rigakafi, suka rage cunkoso. Kai ko gezau. Ka bar yara cunkushe a ɗaki ɗaya cikin zafin bazara, tagogi an toshe da langa-langa, ka ce cuta da magani duk na Allah ne, sai ka ce ba Shi ya umarce mu da neman maganin ba.

Babban abin yabonka shi ne ba a taɓa rasa ɗalibi a makarantarka ba. Da zarar wuyan yaro ya sanƙare, idanunsa suka juye, sai a ɗora shi a babur, ɗan ajinsu ya riƙe shi ta baya, a nufi ƙauyensu. In ya cika a hanya, ai a hanya ya cika. Rajistarka tana nan tsaf.

Iyaye, ranar ziyara mai zuwa kada ku tsaya a inuwar ofis. Ku zagaya makewayi, ku murɗa famfo, ku ce a buɗe muku ɗakin magani, ku tambayi inda kuɗinku ya shiga. Amanar 'ya'yanku ce a hannun mutumin nan, kuma ya ci ta.