Wa Ya Ce Ƙato Ba Ya Karatu?

Na ga yadda ka taɓe baki. Daga jin an ambaci ƙwallon Amurka ka yanke hukunci: "Wasan ƙarti ne, su kifa hular kwano su yi ta gwara kai." To malam, gyara zama, yau da kai nake. Kuma don in ƙara ba ka haushi, ba zan kawo maka ɗan gayun da ke jefa ƙwallo ana yi masa tafi ba. Mai tsaron baya zan kawo, irin wanda ka fi rainawa, wanda aka ɗauka aiki don ya tare mutum ya kai shi ƙasa. Sunansa Alan Page.

Ka ce ba ka taɓa jin sunan ba? Wannan kuma tsakaninka da kunnenka. An haife shi ran 7 ga Agusta, 1945, a garin Canton na jihar Ohio. A garin ne aka gina zauren karrama gwarazan wannan wasa, kuma yana saurayi ya yi leburanci a wajen ginin. A 1988 aka shigar da shi zauren nan a matsayin gwarzo. Kai fa, gidan da ka taɓa ɗaukar wa bulo, ko walimar tarewa an gayyace ka?

Ka ce wasan ma ba shi da kai ba shi da gindi? Ba ka dai tsaya ka duba ba. Mutum 11 ne kowane ɓangare. Masu riƙe da ƙwallo suna da dama 4 su ci gaba yadi 10, kimanin mita 9 ke nan. In sun ci, a sake ba su wasu 4. In sun gaza, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Kowace ƙungiya tana da rundunar kai hari daban, ta tsaro daban. Page yana tsakiyar sahun gaba na masu tsaro, goshi da goshi da wasu ƙarti da aka jera musamman don su hana shi wucewa. A bayansu madugun wasa yake, mai jefa ƙwallo. Aikin Page shi ne ya ratsa su ya cafke madugun kafin ƙwallo ta bar hannunsa, ko ya dunƙule wanda aka miƙa wa ita ya ruga.

"Ka ji ko? Ai ƙarfi ne zalla!" Sannu, sarkin gaggawa. Masu kai hari sun riga sun haɗa kai sun yi ƙus-ƙus, sun san dabarar da za su yi, sun san daƙiƙar da za a saki ƙwallo. Mai tsaro bai san ko ɗaya ba. Sai dai ya karanta: yadda na gabansa ya dafa ƙasa, inda ya jingina nauyinsa, ko gudu za a yi ko jifa, ko kuwa tarko aka ɗana masa ya wuce a bi ta bayansa. In ya yi azarɓaɓi ya tsallaka kafin ƙwallo ta motsa, alƙalin wasa ya ci tarar ƙungiyarsa yadi 5. In ya yi nawa, an riga an toshe shi. Tsakanin azarɓaɓi da nawa akwai ɗan ƙiftawar ido, kuma a nan Page ya ci abincinsa shekara 15. Tsayinsa mita 1.93, nauyinsa wajen kilo 110, sau da yawa masu tare shi sun fi shi jiki. Da ƙiba ce ke cin wasan, da tuni kawunka mai tumbi yana Amurka.

Ka ce to wa ya yaba? Ƙungiyar Minnesota Vikings ta ɗauke shi a 1967 daga jami'ar Notre Dame, inda ya karanta kimiyyar siyasa, ya kuma ci kofin ƙasa a 1966. Shi da Carl Eller da Jim Marshall da Gary Larsen suka kafa sahun da aka yi wa laƙabi da masu cin mutane, sanye da rigar shunayya. A 1971 aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan gasar NFL baki ɗaya, mai tsaron baya na farko da ya samu wannan kambu. Tun daga nan mutum ɗaya tak ya maimaita, Lawrence Taylor, a 1986. Kai da ke bakin allon kallon ƙwallo kullum ka san yadda aka yi ta mamaki da Cannavaro ya ɗauki Ballon d'Or a 2006. Masu raga da masu tsaro su sha wuya, masu zura ƙwallo su sha tafi, ko'ina haka duniya take.

A zamaninsa ba a fara ƙirga kayar da madugu a hukumance ba, sai 1982. Masu bin tsofaffin takardu daga baya suka lissafa masa 148 da rabi. Ka ce rabi kuma, ƙafa ɗaya ya kayar? Ka ga irin tambayar da ke nuna ka fara son wasan. In mutum biyu suka taru suka kayar da madugu, raba ladan ake yi.

Yanzu za ka ce: "Ai sun sha sulke tun daga kai har gwiwa, matsorata ne." Nemi hoton hannun hagun Page ka dubi ɗan ƙaramin yatsansa. Ya goce sau da yawa har ya karkace gefe ya zauna a haka, har shi da 'yarsa Kamie suka rubuta wa yara littafi a kansa. Filin Vikings na lokacin ba shi da rufi, a jihar da dusar ƙanƙara ke binne mota, kuma kocinsu Bud Grant ya hana a ajiye na'urar ɗumama jiki a gefen fili. A haka mutumin nan ya buga wasa 218 a jere, bai taɓa fashi ba. Kai kuwa hunturu na kwana 3 ya isa ya raba ka da wanka.

Inda zan ba ka gaskiyarka guda ɗaya ne, kuma kada ka saba. Gwara kan nan yana da illa. Tsofaffin 'yan wasa da dama sun kamu da ciwon ƙwaƙwalwa, dubbai suka kai ƙara, har a 2013 hukumar gasar ta amince ta biya dala miliyan 765 don sasantawa. Hular kwano tana tsare ƙoƙon kai, ba ta hana abin da ke ciki girgiza. Ka samu maki ɗaya. Riƙe shi da kyau, ba wani a gaba.

"To ina kofin?" Na san nan za ka ɓullo. Sau 4 Vikings suka je wasan ƙarshe na Super Bowl da shi: 1970, 1974, 1975 da 1977. Sau 4 aka doke su. Yi dariyarka, na ba ka minti ɗaya. Ka gama? To faɗa mini sau nawa ƙungiyar da kake wa kuka duk mako ta kai wasan ƙarshe cikin shekara 8.

Ga inda hujjarka za ta faɗi ba nauyi. Yana cikin ganiyar wasa ya shiga sashen shari'a na Jami'ar Minnesota, safe aji, rana atisaye, ya gama a 1978. A shekarun nan kuma ya kamu da son gudun dogon zango, jikinsa ya zube zuwa wajen kilo 100. Vikings suka ce ya rame, suka sallame shi a tsakiyar kakar 1978. Chicago Bears suka ɗauke shi da biyan dala 100 kacal, kuɗin cika ƙa'ida, ya buga musu har 1981. A 1979 ya kammala tseren kilomita 42, ɗan wasan NFL na farko da ya yi haka yana kan aiki. Ɗazu ka ce ƙato ne ba kai. Yanzu an kore shi don rama da digirin lauya a hannu. Zaɓi zargi ɗaya ka tsaya a kai, malam.

Ka ce suna ne ya ba shi kujera? Bayan ya ajiye hula ya yi aikin lauya a Minneapolis, daga 1985 ya koma ofishin babban lauyan jihar. A Minnesota da ƙuri'a ake hawa kujerar alƙali, kuma a 1992 jama'a suka zaɓe shi zuwa Kotun Ƙolin jihar, baƙar fata na farko da ya zauna a can. Suna yana iya kai mutum bakin ƙofa sau ɗaya. Shi an sake zaɓensa a 1998 da 2004 da 2010, ya yi shekara 22 yana rubuta hukunci, bai sauka ba sai 2015 da ya cika shekara 70, iyakar da doka ta yanka.

Ranar da aka karrama shi a Canton ma, maimakon ya yi ta kirarin waɗanda ya kayar, kan ilimin yara ya karkata jawabinsa. A shekarar ce shi da matarsa Diane suka kafa gidauniyar tallafin karatu, da sharaɗin duk ɗalibin da ya karɓa ya koma ya ja ƙannensa a makaranta. Dubbai sun amfana. A 2017 aka sa wa wata makaranta a Minneapolis sunansa, a 2018 aka ba shi lambar yabo mafi girma da Amurka ke ba farar hula.

"Shi kaɗai ne ai, dace ya yi." Byron White ya buga gasar nan a Pittsburgh da Detroit, ya kuma zauna a Kotun Ƙolin Amurka daga 1962 zuwa 1993. Ban ce kowane ƙato alƙali ne ba. Kai ma da ba ka taɓa gwara kai da kowa ba, ai ba mu ga an naɗa ka ba.

Da ya tsufa sai ya ɗauki wani ƙaton ƙaho na 'yan badujala, irin wanda ake rataya a kafaɗa, ya tsaya bakin titi ranar tseren Minneapolis yana busa wa masu gudu don ƙarfafa musu gwiwa. Ka ce bai dace da tsohon alƙali ba? Kana da 'yancin ɗaukaka ƙara. Sai dai in ka shiga kotu ka ga mai yatsa a karkace a kan kujera, ka janye ƙararka tun da girmanka.