Yadda Durumin Ƙofar Gidanmu Ya Haɗiye Ni

Ranar Asabar ɗin da ta wuce, da yake an shirya walimar saukar Alƙur'ani ta ɗana a ƙofar gida, kuma ana bukatar wanda zai ɗaura igiyar rumfa a kan tsohon durumin da muka gada, sai na hana samari hawa, na tattare babbar riga na hau da kaina, domin surukaina sun riga sun hallara, kuma akwai wani abu a zuciyar ɗan Adam mai son a ce har yanzu da sauransa.

Da na kai inda manyan rassa suka rabu, na ɗora ƙafa a kan abin da na zaci itace ne, ashe ruɓaɓɓen ganye ne da ginin gara suka yi wa bakin kogo murfi. Ban ji ƙara ba, ban kuma ji zafi ba, sai dai na ga reshen da yake daidai gwiwata ya wuce cibiyata, ya wuce ƙirjina, har hammatana suka tokare, na tsaya. Wando ya bi ni ciki, riga kuwa ta ƙi, ta tattaru a wuyana, kaina ya fito daga tsakiyarta kamar na kaza a bakin akurki, da hula a bisa, ko karkacewa ba ta yi ba. Takalmina guda ya suɓuce, kuma wallahi sai da na ja numfashi kafin in ji saukarsa. A cikin wannan hali ne idona ya faɗa cikin na surukina, mutumin da tun ranar ɗaurin aure ban taɓa yarda mun haɗa ido ba, shi kuwa, saboda tsananin kara, ya duƙar da kai ya shiga gyaran bakin tabarma, alhali cinnaku sun fara bincike a cikin wandona.

Ana ta salati, yara sun ruga neman tsani, sai ga Baba Malamin Daji, wanda ya yi wa En'e aiki har ya yi ritaya, ya dogaro sandarsa ya tsaya a gindin itacen, ya dube ni da idon rahama, ya ce, "Malam, ai koren ganye ba hujja ba ne."

Na ce, "Baba, a taimaka a ciro ni."

Ya ce a yi haƙuri, mas'alar tana bukatar bayani. Daga nan ya juya wajen jama'a ya buɗe karatu, cewa rayuwar itace tana can ƙarƙashin ɓawo, a ɗan siririn farin itacen da ke kai ruwa sama, zuciyarsa kuwa ta daɗe da mutuwa, saboda haka zahiri yana iya yin shar shekara da shekaru, baɗini kuwa ya zama gari. Ya nuna kututturan rassan da muke sara wa awaki kowane rani, ya ce ta nan ruwan damina yake shiga ya kwanta. Ya nuna baƙin tabon da ƙona shara ya bari a gindi. Ya ɓantaro naman kazar da ya tsiro a jikin itacen, ya bi hanyar gara da bakin sanda, ya kuma dumbuzo garin itace daga tsakanin saiwoyi ya zagaya da shi, kowa ya duba ya gyaɗa kai, har da masu riƙe da tsani, waɗanda suka jingine shi a bango don kada bayani ya wuce su. Liman, Allah ya saka masa, ya ɗaga murya ya ce in lazimci addu'ar Annabi Yunusa, sa'an nan shi da Ladan suka shiga muhawara a kan ko ya halatta in yi La'asar da ishara, tun da ƙaddara ta juya ni ina fuskantar yamma.

Baba ya ce saura babbar alama, wadda ba ta ƙarya, wato amo: lafiyayyen itace in an buge shi ba ya amsawa, mai kogo kuwa sai ya amsa. Ya aika cikin gida aka kawo taɓarya, ya yi bisimilla, ya kai wa durumin duka daidai inda gwiwoyina suke, har haƙorana suka haɗu. Ya kara kunne, ya sake bugawa, ya yi shiru yana shafa gemu.

Ya ce, "Ikon Allah. Jama'a, ku saurara mini, itacen nan cike yake."